Kyaftin a Benci: Daren Wasan Ƙarshe a Unguwar Sanusi

Ɗaurin aure ne ya kai ni Kaduna a watan Fabrairun 2024, ƙwallo kuma ta hana ni komawa a ranar da na yi niyya. Na baro Kano ranar Asabar da sassafe, hazo bai gama sakin gari ba. Muka bi ta Kwanar Dangora, muka ratsa Zariya, muka wuce Jaji da Mararrabar Jos da Rigacikun, har gadar Kawo ta bayyana a gabanmu. Hira biyu ce ta cika motar tun daga tasha. Ta farko tsadar rayuwa, wadda ta hana talaka sakat tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Ta biyu wasan gobe: Najeriya ta kai wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka, za ta kara da masu masaukin baƙi, Kwaddibuwa, a Abidjan ranar Lahadi 11 ga wata. Duk wanda ya gaji da lissafin kuɗin mudun shinkafa sai ya koma kan Osimhen ya ɗan samu sa'ida.

Daga Kawo na hau Keke Napep, muka bi ta Mando muka hau babban titin Nnamdi Azikiwe, wanda 'yan gari ke kira baifas. Kurmin Mashi, Badikko, sannan muka karya kwana muka shiga Unguwar Sanusi. Unguwa ce cike maƙil da jama'a, cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, maƙwabciyar Tudun Wada. Layukan ƙanana ne, gida manne da gida, tela kusa da mai walda, mai walda kusa da makarantar Islamiyya, mai ƙosai a bakin kowane lungu. Abin da ke fara ɗaukar hankalin baƙo daga Kano shi ne yawan asali a layi ɗaya: ga Bayarabe, ga Banufe, ga Babarbare, ga Bafulatani, kowa da Hausar Kaduna a bakinsa, mai sauri, mai gauraye. A wannan makon kuwa duk inda ka waiwaya tutar kore da fari ce, a jikin keke, a ƙofar shago, a kafaɗar yara.

Aka ɗaura aure lafiya, aka ci, aka sha, aka yi addu'a. Da na ce zan kama hanya da safiyar Lahadi, mai masaukina, wanda tare muka yi makaranta, ya ce sam ba zai yiwu in kalli wasan ƙarshe a gajiye ba, in bari sai Litinin. Ban yi masa gardama ba.

Bayan sallar la'asar ya kai ni majalisarsu, benci uku a gindin darbejiya kusa da teburin mai shayi. Na zaci zan tarar ana lissafin yadda za a ci Kwaddibuwa. Ashe rigimar da ke ci a wurin ta cikin gida ce, a kan mutumin da kowa ya san ba zai buga ba.

"Ku gaya mini," in ji wani dattijo mai farin gemu da kowa ke kira Baba, yayan mai masaukina ne, tsohon ma'aikacin masaƙa, "a ina aka taɓa ɗaukar kyaftin a kai shi gasa, a yi wasa shida, ko minti ɗaya bai taka fili ba? Ko ranar Gini Bisau ba za a ba shi minti goma ba? Wannan ai cin fuska ne."

Ahmed Musa yake nufi. Kocin Najeriya na lokacin, José Peseiro ɗan Fotugal, ya tafi da shi gasar a matsayin kyaftin, amma William Troost-Ekong ne ke ɗaura kambun a fili, Musa yana zaune da riga mai dogon hannu a gefe. Baba ya shiga jero abin da kowa ya sani amma kowa ke son sake ji: yaron Jos da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya tafi Holan, ya tafi Rasha, ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya zura wa Aislan biyu a ta 2018. Babu ɗan Najeriya da ya kai shi yawan buga wa ƙasa wasa. "Da tsohuwar zuma ake magani," Baba ya rufe, ya ɗaga kofin shayinsa.

Ɗan mai masaukina, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, shi ma ɗan ƙwallo ne a unguwa, ya gyara zama. "Baba, da girmanka, ƙwallo ba sarauta ba ce da za a ce sai mai rawani ya rasu a naɗa wani. Wa za a cire? Lookman da ya ci Kamaru biyu, ya ci Angola? Ko Moses Simon? A ƙungiyarsa ta Sivasspor ma Musa ba ya samun wasa sosai. Muna son sa wallahi, amma ƙafa ta riga ta yi sanyi."

"Ƙafa ta yi sanyi, kai fa? Kai ma ya yi sanyi ne?"

Aka ɗauki hayaniya. Wani ya tuno wasan kusa da na ƙarshe a Bouaké ranar Laraba, inda Alhassan Yusuf, matashin ɗan Kano da aka kira ya maye gurbin Wilfred Ndidi, ya kayar da Percy Tau a da'ira ana gab da tashi, aka soke ƙwallon Osimhen, aka ba Afirka ta Kudu fenariti suka farke. Ga irin aikin yara nan, in ji ɓangaren Baba, yaro man kaza ne. Ɓangaren samari suka ce to wa ya cece mu a bugun fenariti? Ba Stanley Nwabali ba ne, golan da wata biyu baya rabin mutanen majalisar nan ba su san sunansa ba, wanda aka ɗauko daga Chippa United aka ajiye Francis Uzoho saboda shi, ya kaɗe biyu? Da koci ya tsaya wa wanda aka saba da shi, da yanzu muna gida.

Akwai wani abu kuma a ƙarƙashin maganar, kuma gara a faɗe shi. A Arewa ana kallon Ahmed Musa a matsayin namu. Shekara da shekaru shi ne fuskar da yaron Kano ko Kaduna ke gani a cikin Super Eagles ya ce ashe ni ma zan iya. An san shi da kyauta, an san shi da zumunci. Ga kuma Sadiq Umar, ɗan Kaduna, da aka cire daga jerin 'yan wasan daf da fara gasa bisa dalilin ciwo, abin da ya bar ƙorafi a garin. Don haka in dattijo a Unguwar Sanusi ya ce an ci fuskar kyaftin, yana jin ciwon a jikinsa ne. Ban ga laifin wannan soyayya ba. Sai dai tana hana a tsaya a duba maganar da idon basira.

Na tsoma baki na tambayi Baba shekarun Musa. Ya ce talatin da ɗaya. Troost-Ekong fa? Aka yi shiru, wani yaro ya duba waya ya ce talatin. Shekara guda ce tsakaninsu. Shi ma Troost-Ekong ɗin Peseiro ya taɓa jingine shi na tsawon lokaci kafin gasar, ya dawo da shi ya zama ginshiƙin baya. Ashe ba shekarun haihuwa ake aunawa ba. Ɗan gefe da gudu yake cin abinci, kuma gudu ne abin da shekaru ke fara karɓewa. Ɗan baya na tsakiya da gola kuwa sukan ƙara daɗi ne bayan talatin, domin aikinsu na karanta wasa ne. Ga Rabi'u Ali na Pillars, ya haura arba'in yana ci gaba da zura ƙwallo, saboda wasansa bai taɓa dogara da tsere ba. Duk wanda ya ce "tsofaffi" ko "yara" a dunƙule, bai fara maganar ba tukuna.

Saurayin nan ya ga ƙofa ta buɗe, ya shiga. "Baba, Amokachi da kake ba mu labari kullum, shekararsa nawa aka kira shi?"

Baba ya yi murmushi, domin an taɓo masa inda yake so. Sha bakwai, ya ce. Daniel Amokachi a nan Kaduna aka haife shi a 1972, yana buga wa Ranchers Bees koci Clemens Westerhof ya gan shi, ya tafi da shi gasar Afirka ta 1990 a Aljeriya. Aljeriya ta lallasa mu 5 da 1 a wasan farko, aka yi ta zagin Baturen da ya kwashi yaran gida, sai ga shi sun kai wasan ƙarshe, Aljeriyar ta sha da ƙyar da ci ɗaya.

"To ka gani, Baba."

"Na gani. Amma kusa da wa aka tsayar da shi? Kusa da Rashidi Yekini. Shi ma ɗan garin nan ne, a ƙungiyar masaƙarmu ta UNTL ya fara. Ba a jefa yaro fili shi kaɗai a ce ya je ya nemo hanya ba. Ɗana, ni ban ce kada a sa yara ba. Cewa na yi kada a wulaƙanta wanda zai nuna musu hanya."

Wannan ita ce magana mafi nauyi da na ji a majalisar, kuma tarihin Kaduna yana bayanta. Tawagar da ta ciyo zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 cike take da 'ya'yan garin nan: Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro da yayansa Emmanuel. Dokar gasar ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce, amma an yarda a haɗa da manya uku. Koci Jo Bonfrère ya cike guraben da Uche Okechukwu da Emmanuel Amunike da Amokachin kansa. A wasan ƙarshe da Ajantina, wanda aka tashi 3 da 2, ƙaramin Babayaro ya ci ta farko da ka, Amokachi ya farke ta biyu, Amunike ya ci ta nasara. Yaro ya buɗe, manya suka rufe. An kuma ga abin da ke faruwa in aka share gida gaba ɗaya cikin fushi: a 2002 koci Adegboye Onigbinde ya bar Sunday Oliseh da Finidi George a gida, ya tafi gasar duniya da sababbin fuskoki da yawa, aka dawo daga zagayen farko da maki ɗaya.

Amma wanda na fi yawan tunawa in ana irin wannan musu shi ne Stephen Keshi, kuma na faɗa musu hakan. Keshi ya ɗanɗani abin ta fuska biyu. A 1994 shi ne kyaftin, yana da shekara 32, ciwo na damun sa, Westerhof ya rage masa wasa. Augustine Eguavoen ne ya ja tawagar a fili ranar da aka ci Zambiya 2 da 1 a wasan ƙarshe na gasar Afirka a Tunis, kuma Amunike, wanda bai buga ko wasa ɗaya ba a gasar kafin ranar, shi ya ci duka biyun. A gasar duniya ta Amurka a wannan shekarar wasa ɗaya kacal Keshi ya buga. Bayan shekara 19 sai ga shi shi ne koci, Amokachi yana mataimakinsa. Ya bar Peter Odemwingie da Obafemi Martins a gida, ƙasa ta ɗauki zafi, ya ɗauki 'yan wasa shida daga gasar cikin gida. Kyaftin ɗinsa Joseph Yobo ya ji ciwo a farkon gasar Afirka ta 2013, Kenneth Omeruo ɗan shekara 19 ya shiga gurbinsa tare da Godfrey Oboabona na Sunshine Stars, da Yobo ya warke kuma Keshi bai raba su ba. Sunday Mba, ɗan wasan gida, ya ci Kwaddibuwar su Drogba da Yaya Touré a zagayen 'yan takwas, ya kuma ci Burkina Faso a wasan ƙarshe ranar 10 ga Fabrairun 2013 a Johannesburg. Ana saura 'yan mintuna a tashi Keshi ya kira Yobo ya sa shi. Ya shiga fili, ya yi gumi, sannan ya ɗaga kofi da hannunsa. Daga baya an samu tsamin dangantaka tsakaninsu, gaskiya ne, amma Keshi ya sake kiran sa, ya cika wasa 100 a gasar duniya ta 2014. Waɗannan 'yan mintunan na Johannesburg, mutumin da ya taɓa zama a benci da kambun kyaftin ne kawai zai san darajarsu.

A cikin yaran da Keshi ya dogara da su a 2013 akwai wani ɗan shekara 20 da ya shigo canji ya ci Mali ƙwallo ta huɗu a wasan kusa da na ƙarshe. Ahmed Musa ke nan. Shi da Omeruo su biyu ne suka rage daga waccan tawagar a cikin ta 2024, dukansu yanzu ana kiran su tsofaffi. Da na faɗi haka Baba ya girgiza kai ya ce duniya ke nan, aka kira magariba.

Gidan kallon da muka je bayan isha'i rumfar kwano ce mai tsawo, benci a jere, talabijin uku a gaba, janareto yana ruri a waje. A bakin ƙofa akwai baƙin allo da aka saba rubuta wasannin Firimiya da alli, yau layi ɗaya ne a kansa. Sanyin hunturu yana waje, ciki kuwa gumi ake yi tun ba a fara ba. Ƙarfe tara aka take leda. Baba ya samu wuri a gaba, domin duk zafin musun rana babu yaron da zai zauna ya bar shi a tsaye.

Tun daga farko aka ga inda wasan ya dosa. Najeriya ta ja baya da mutum biyar, ta bar wa masu gida ƙwallo. Wani yaro mai suna Simon Adingra, ɗan shekara 22 da ke buga wa Brighton, ya addabi ɓangarenmu na dama, duk lokacin da ya karɓi ƙwallo sai rumfar ta yi tsit. Sai a minti na 38 aka bugo kwana, Troost-Ekong ya tashi ya sa kai. Ban san yadda kwanon rumfar ya tsira ba. Wani da ban taɓa gani ba ya rungume ni har hulata ta faɗi. Baba ya miƙe yana nuna talabijin da yatsa yana kiran ɗan ƙanensa: "Ka ga babba? Ka ga aikin manya?"

Bayan hutun rabin lokaci abin ya juya. Minti na 62 Adingra ya bugo kwana, Franck Kessié ya farke da ka. Aka fara kiran canji daga kowane lungu na rumfar. Wasu na cewa a sa Iheanacho, wasu Moffi, daga gaba kuma wata murya tana ta maimaita "A sa Musa! A sa kyaftin!" Minti na 81 Adingra ya sake ratsawa ta gefe ya turo, Sébastien Haller, mutumin da ya yi jinyar ciwon daji a 2022 ya dawo fili, ya miƙa ƙafa ya taɓa ta ta shige. Peseiro ya yi canje-canjensa, Musa bai tashi ba. Aka tashi 2 da 1.

Abin da na gani a daren, wanda hayaniya ta hana a tattauna, shi ne yadda abokan karawarmu suka warware wannan rigimar tamu a cikin mako uku. Kwaddibuwa ta sha kashi 4 da nema a hannun Ikwatoriyal Gini, aka sallami koci Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, aka miƙa wa mataimakinsa Emerse Faé, wanda bai taɓa jan babbar tawaga ba. Faé ya dawo da Jean Michaël Seri tsakiya, ya dawo da Serge Aurier, ya fara wasa da Max-Alain Gradel mai shekara 36. Ya kuma ajiye Kessié, babban tauraronsu, a farkon wasansu da Senegal, ya shigo daga baya ya ci fenariti. A wasan ƙarshe Gradel yana gefe ɗaya, Adingra yana ɗaya gefen, shekara 14 tsakaninsu. Faé bai zaɓi ɓangare ba. Ya duba abin da kowane wasa ke bukata ya ba kowa aikinsa, kuma kowa a cikinsu ya san me aka ɗauko shi ya yi.

A nan ne nake ganin Peseiro ya gaza game da Musa, ba a wajen hana shi buga wasan ƙarshe ba. Ban yarda minti goma na Musa za su canza sakamakon ba. Ja da baya da gajiya ne suka ci mu. Saurayin majalisa yana da gaskiya cewa Lookman ya fi shi zafi a lokacin. Amma in koci ya san mutum ba zai buga ba, gurbin ɗan wasa bai kamata ya zama kujerar girmamawa ba. Ko dai a ba shi mintunan da za su nuna ana bukatarsa, ko a ba shi matsayi bayyananne a cikin masu horarwa, a bar gurbin ga yaron da zai amfana. Barin sa tsakanin biyun ya jawo masa tausayi daga masoya da gori daga masu suka, alhali bai cancanci ko ɗaya ba. Kwanaki kaɗan bayan wasan, da aka yi wa Alex Iwobi ca a intanet da zagi har ya goge hotunansa na Instagram, Ahmed Musa yana cikin waɗanda suka fara fitowa fili suka ce a daina, nasara da faɗuwa na kowa ne. Aikin kyaftin ke nan, kuma ya yi shi ba tare da ya taɓa ƙwallo ba.

Litinin da hantsi Baba ya ce kafin in tafi sai na raka shi Kakuri gaida wani tsohon abokin aikinsa da ba shi da lafiya. Muka bi ta cikin gari muka wuce filin wasa na Ahmadu Bello, inda aka buga wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, muka haye gadar kogin Kaduna. Ruwan ya ja baya, duwatsu sun fito. Daga can Baba ya fara nuna mini katangu. Ga masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna. Ga masaƙar Arewa. Ga UNTL, inda ya ƙare ƙuruciyarsa. Ƙofofi a rufe, ciyawa ta kai ƙugu. A Kakurin nan kuma masana'antar makamai ta DIC take, wadda ƙungiyarta, DIC Bees, ita ce ta rikiɗe ta zama Ranchers Bees, ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta ci kofin WAFU a 1989.

Ya ba ni labarin yadda abin yake a da. Ɗan ƙwallon kamfani ma'aikaci ne, yana da lamba, yana da albashi. Yaro zai shigo yana ɗaukar wa manya takalma, yana atisaye da su, wata rana a ce ya shiga. Babba kuma in ƙafa ta gaji ba ya fargaba, zai koma sashensa na aiki ko ya zama mai horar da yara, cefanen gidansa bai tsaya ba. Shi ya sa sauka ba ta da ɗaci sosai. Da masaƙun suka durƙushe a shekarun 2000, wannan tsarin ya tafi tare da su. Kaduna United ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 2010 bayan ta doke Enyimba, daga baya ita ma ta faɗa ƙasa. A kakar 2023/2024, garin da ya haifi Yekini da Amokachi da Babangida ba shi da ƙungiya ko ɗaya a babbar gasar Najeriya.

A nan na fahimci abin da ke sa musun ya yi zafi haka. Ɗan wasan da ya kai talatin da biyar a ƙasar nan, in bai fita waje ya tara ba, ba shi da fansho, ba shi da sana'a, sau da yawa yana bin ƙungiya bashin albashi. In ka ce masa ya ba yara wuri, cewa ka yi ya ajiye abincin iyalinsa. Yekini kansa, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar duniya, ya dawo yana buga wa Gateway a 2005 yana da shekara 41, ya rasu a Ibadan a 2012 cikin halin da har yau ke sosa ran duk wanda ya so shi. Yaro kuma yana gaggawa ne domin ya san dillalan Turai ba sa waiwayar wanda ya haura ashirin da 'yan kai, wannan gaggawar ce ma ta haifar da rage shekaru, har hukumar FIFA ta fara gwajin ƙashin wuyan hannu a gasar 2009 da aka yi a nan gida. Babba yana tsoron sauka, yaro yana tsoron makara, koci yana tsakiya, shi ma wasa uku ne tsakaninsa da kora.

Da yamma, kafin in nufi tasha, ɗan mai masaukina ya ja ni filin da suke atisaye, filin wata makarantar firamare, jar ƙasa, raga ba zare. Kocinsu mutum ne mai kimanin shekara hamsin, da rana gyaran babur yake yi. Na tambaye shi yadda yake raba riga tsakanin manya da yara in gasar unguwanni ta zo. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, tawa ta fi ta Peseiro wuya. Manyan nan su ke sayen ƙwallo, su ke ɗinka riga, su ke biyan kuɗin mota. Yaran su ke da gudu. In na ajiye babba, gobe ba ƙwallo. In na ajiye yaro, gobe wata ƙungiya ta ɗauke shi."

To yaya yake yi? Ya ce ba ya bari mutum ya ji a fili. Daren wasa yakan taka har ƙofar gidan babban, ya yi sallama, su zauna a dakali, ya gaya masa gaskiya: gobe wane zai fara, kai za ka shigo in an dawo hutu, ko kuma gobe ba za ka shiga ba, ina so ka tsaya a bakin layi ta ɓangarensa ka riƙa yi masa magana. Wasu sukan yi fushi su yi mako ba su zo ba. Mafi yawa sukan dawo. Yaron kuma yakan sa shi ya je ya gaida wanda ya karɓi gurbinsa kafin a fara wasa.

Na tsaya na kalli rabin atisayen. Wani siririn yaro da bai wuce sha shida ba yana buga gefen hagu, wani ƙaƙƙarfan mutum mai sanƙo yana bin sa a bakin layi yana ihu: "Ɗago kanka! Kada ka riƙe, saki! Koma baya, mutuminka ya tafi!" Yaron ya zubar da ƙwallo, ya sake zubarwa, mutumin bai fasa ba. Koci ya ce mini shekara goma sha wani abu mai sanƙon nan yana riƙe da wannan gefen.

Peseiro ya bar aikin da kwantiraginsa ya ƙare a ƙarshen wannan watan na Fabrairu. Ahmed Musa ya rabu da Sivasspor, ya dawo Kano Pillars a watan Oktoban 2024, ya ci Sunshine Stars biyu a wasansa na farko. Baba ya kira ni a waya a daren, bai ko tsaya gaisuwa ba ya ce in gaya wa yaran nan. A watan Yulin 2025 gwamnatin Kano ta naɗa Musa babban manajan ƙungiyar alhali yana ci gaba da buga mata wasa. Yanzu in kaka ta ƙare aka baje takardu, aka zo kan wa za a sabunta wa kwantiragi, wa za a sallama, wane yaro za a ɗago daga ƙaramar ƙungiya, yana cikin masu yanke hukuncin, kuma wasu daga cikin sunayen da ke kan takardar abokan ɗakin sa kayansa ne.